Fursunoni Miliyan Biyu a Bayan Motar Marigayi Virgil

Da ido ɗaya nake rubuta muku shafin wannan makon, don haka duk wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Ɗaya idon ya kumbura ya rufe ruf tun ƙarfe bakwai na safiyar yau Litinin, lokacin da nake saman tsani da tiyon ruwa a hannu, ina shayar da fursunonin gwamnati ta saman shingen waya. Ɗaya daga cikinsu ce ta sami kafa ta fito. Ba ta tsaya tambayar wane ne nata wane ne na hukuma ba, ta ɗirka mini harbi a fatar ido. Na saki tiyon, ya juyo ya yi mini wanka, matakala ukun ƙarshe kuwa da mazaunai na sauko su. Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu gida-gida a wannan gundumar tamu ta Haskew, babu karen da ya taɓa cin galaba a kaina. Sai da na yi ritaya ƙudan zuma guda ɗaya ta kai ni ƙasa.

Da na shiga gida, uwargida Maybelle ta dube ni sama da ƙasa.

"Orval, wa ya aike ka?"

"Zumuncin maƙwabtaka."

"To maƙwabta sun gode. Zauna can in kawo maka ƙanƙara, kada ka jiƙa mini kafet."

Na san wasunku za su ce tsufa ya fara taɓa Orval, tunda har ya fara ganin fursunoni masu fiffike. To ku gyara zama.

Maƙwabciyata Madam Lorene Tubbs, wadda katangarmu ɗaya shekara ashirin da shida, kiwon zuma take yi. Akwatuna arba'in da takwas gare ta, kowanne da sarauniyarsa da dubban ma'aikatansa. Ita da mijinta Virgil suka tara su ɗaya bayan ɗaya, shi ya rasu shekara huɗu da suka wuce ya bar mata su, da tsohuwar motar kaya mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora su a kai. Duk watan Mayu, idan kankana ta fara fure, sai ta jera akwatunan a motar, ta lulluɓe su da raga, ta kai su gonar Hollis Crenshaw su yi masa aikin fure na 'yan makonni. In babu zuma babu kankana, in babu wannan tafiyar kuma babu abin da Lorene za ta ci har shekara ta zagayo.

Ranar Talatar da ta wuce da sassafe ta kama hanya. Ba ta yi nisa ba wani ɗan sanda ya kunna mata fitila, wai ɗaya daga cikin fitilun bayanta ta fi 'yar'uwarta duhu. Tare da shi akwai Kofur Biskit, karen hukuma, wanda yake da lambar aiki, da rigar sulke, da kek da ake yanka masa duk ranar haihuwarsa a ɗauki hoto. Kofur Biskit ya zagaya motar sau ɗaya, ya zauna, alamar wai ya jiyo ƙwaya. Ku da kuke ganin zaman kare abin wasa ne, ku sani a jiharmu zaman Kofur Biskit ya fi rantsuwar fasto uku nauyi. Lorene ta ce a ganinta ƙamshin burodi da naman da ke kan kujera ya jiyo, amma ba a tambaye ta ganinta ba.

Ɗan sandan ya rarrafa ƙarƙashin motar, ya tarar da wani ɗan akwatin ƙarfe da aka yi wa walda a lungun da ido ba ya kaiwa. Ya buɗe. Ga rabin kwalin sigari da ya bushe ƙayau, da ashana, da alewar na'ana'a.

Tarihin akwatin nan duk unguwarmu an sani. Lokacin da likita ya hana Virgil shan taba, sai ya shiga gareji ya yi wannan waldar da hannunsa, ya koma busa hayaƙinsa a gona, ya tsotsi alewa kafin ya iso gida. Lorene ta gano tun makon farko, ta yi shiru. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana jin kansa gwanin dabara. Da ya rasu ba ta taɓa komai a ciki ba.

"Madam, kin san da wannan akwatin?" in ji ɗan sandan.

"Na sani mana."

"Don ɓoye abu aka yi shi?"

"Ƙwarai kuwa."

"A ɓoye wa wa?"

"Ni."

Ya rubuta amsa biyun farko, ta ukun kuwa da alama biro ya ƙi. Ya ce wannan shi ake kira ma'ajiyar sirri irin ta masu safarar ƙwaya, don haka zai wuce da motar.

"To kama ni za ka yi ke nan?"

"Haba Madam, ke ai ba ki da laifin komai. Motar ce."

"Me motar ta yi?"

"Wannan sai a kotu."

Haka aka ja motar da akwatuna arba'in da takwas a kanta, aka kai garejin hukuma da ke bayan gidan yari, aka bar Lorene a gefen titi da jakar hannunta. Ni ta kira na je na ɗauko ta. A hannunta akwai takarda mai hatimi, an rubuta a samanta da manyan haruffa: Jiha ce mai ƙara, wadda ake ƙara kuma Mota Ɗaya Mai Shimfiɗaɗɗen Baya da Abin da Ke Kanta. Ranar zaman kotu, tara ga watan Yuli.

A nan dole in tsaya in yaba wa magabatanmu, don irin wannan basira ba kullum ake samunta ba. Idan mutum aka kama, akwai wahalhalu: sai an karanta masa haƙƙinsa, sai an ba shi lauya in ba shi da hali, sai an tabbatar da laifinsa ba tare da kokwanto ba, ga dangi su cika kotu suna kuka. Mota kuwa ba ta da dangi, ba ta neman lauya, ba ta taɓa cewa ƙarya ake yi mata. Mai ita ne zai zo ya tabbatar wa alƙali cewa 'yar kirki ce, da lauyansa da ya ɗauko da aljihunsa. In ya kasa, ko ya makara da kwana ɗaya, sai a sayar da ita, abin da aka samu kuma ya shiga ofishin da ya kama ta. Wanda ya kama shi ne zai ci. Ku gaya mini, a wace sana'a aka taɓa ƙarfafa wa ma'aikaci gwiwa haka?

Kuma kada wani mai baƙin ciki ya ce ba a ganin amfanin abin. Oga Mai Tauraro, shugaban tsaron gundumarmu, Allah ya ƙara wa tauraronsa ƙyalli, ya sayo mana jirgin ruwan sintiri bara da irin wannan ribar. Gundumarmu ba ta da kogi, ba ta da tafki, ruwan da ya fi girma a cikinta shi ne kwamin wanka na makarantar sakandare. Amma duk ranar bikin 'yancin kai ana jan jirgin a bayan tirela a zagaya gari da tuta, yara suna ɗaga hannu. Tun da aka saye shi ba a taɓa samun ɗan fashin teku ko ɗaya a Haskew ba, wannan ko maƙiyi ya shaida.

To matsalar ita ce, mota tana iya jiran tara ga Yuli, zuma ba za ta iya ba. Zumar da aka rufe da raga ba ta fita ɗebo ruwa, ba ta fita kiwo. A zafin Mayu, a kan kwalta, akwatin nan sai ya koma kamar tanda. Abin da kawai zai ja musu kwana shi ne a riƙa fesa musu ruwa safe da rana da yamma. Ranar Talatar da muka je garejin, tun daga bakin titi ake jin kukansu, wani irin gunji mai shiga ƙirji.

Mai gadin garejin sunansa Purvis, dogo ne mai sanyin magana, ajinmu ɗaya da yayansa. Ya tare mu a ƙofa yana waiwayen motar.

"Baba Orval, kada ku ja mini. Duk abin da ke kan motar nan kayan shaida ne. Ragar ma kayan shaida ce. Wanda ya taɓa, shekara biyar."

"Ruwa kawai za mu ba su, Purvis," in ji Lorene.

"Madam, ba a shiga."

"In ruwan sama ya sauka fa?" na ce. "Shi ma shekara biyar?"

Ya sosa ƙeya. "Abin da ya faɗo daga sama ba ya cikin littafina."

Shi ke nan na zama hadari. Muka aro tsani, muka jona tiyo uku daga famfon shagon gyaran tayar da ke maƙwabtaka, nake hawa sau uku a rana ina yi wa kayan shaida ruwan sama daga waje.

Ranar Laraba muka shiga zagayen ofisoshi. A tagar farko aka ce mana in zuma dabba ce, to maganar ta ofishin kula da dabbobi ce. A ofishin kula da dabbobi wata baiwar Allah mai tauna cingam ta miƙo fom. Akwai gurbin kare, da kyanwa, da doki, da na sauransu.

"Ki cike ɗaya ga kowace dabba, Madam. Suna, launi, shekaru."

"Sun kai miliyan biyu."

Ta daina taunar na ɗan lokaci. "To fom goma sha biyu suka rage mini."

Ofishin noma suka ce su zumar da ke gona ce tasu, wadda ke kan taya ta ofishin hanyoyi ce. Ofishin hanyoyi sun tafi cin abinci. Daga ƙarshe, wajen ƙarfe uku, aka shigar da mu gaban Mai Girma Mataimakin Lauyan Gwamnati, mutum mai fara'a da taushin hannu, wanda ya tashi da kansa ya ja wa Lorene kujera, har ya ce a kawo mana shayi mai ƙanƙara.

"Madam Tubbs, mu ma mutane ne," ya ce. "Kakata ma ta yi kiwon zuma. Ga hanya mai sauƙi." Ya turo wata takarda shafi ɗaya. "Ki sa hannu a nan cewa kin bar wa jiha motar, ba za ki yi jayayya ba. Yau-yau ɗin nan ki kwashi zumarki."

"In ban sa ba fa?"

"Sai mu haɗu tara ga Yuli, kuma ina da yaƙinin za a yi miki adalci."

"Yallaɓai, zuwa lokacin ai gawa za ka ba ni."

"Shi ya sa na ce mu ma mutane ne."

Lorene ta tura masa takardarsa. A mota ta ce mini, "Orval, motar Virgil ce. Kuma da me zan riƙa kai su gona, a ka zan ɗauka?" Tana da abin da ta dogara da shi. Washegari Alhamis majalisar jiha za ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan ƙudirin gyaran wannan doka, wanda ya ce kada a ƙwace kayan kowa sai kotu ta same shi da laifi. Honorabul namu, wanda duk shekarar zaɓe yake zuwa cin soyayyen kifin cocinmu ya koma da kwalbar zumarta kyauta, ya ce mata a waya, "Mama, ki zo ki faɗa da bakinki. Labarinki shi muke nema. Da zarar shugaban kwamiti ya ji, waya ɗaya zai buga a sakar miki motar."

Tafiyar awa uku ce zuwa babban birni. Lorene ta sa rigar da take zuwa coci da ita, ta riƙo wata kwalba da ta cika da matattun zumar da ta share a gindin shinge, don manya su gani da idonsu. A ƙofar majalisa mai gadi ya ɗaga kwalbar yana juya ta.

"Ba a shiga da dabbobi."

"Matattu ne."

"Ba a shiga da kwalba."

"To in juye su a jakata."

"Sai su koma dabbobi." Ya jefa ta cikin kwandon kayan da aka karɓe. Ban tambaya ko za a kai kwalbar kotu ba, don na ga Lorene ba ta cikin yanayin raha.

An ce zama ƙarfe goma. Sai ƙarfe ɗaya da rabi aka fara, saboda 'yan majalisa sun tsaya muhawara mai zafi a kan wane kek ne ya cancanci zama kek ɗin jiha a hukumance, na gyaɗa ko na dankali. Har an kusa ba hammata iska. Ban taɓa ganin wakilanmu sun tsaya wa aƙida irin ranar ba, na ji alfahari ya kama ni.

Da aka zo kan namu ƙudirin, layuka ukun gaba duk kaki ne da taurari, Oga-Ogan gundumomi sun zo reras, kowa hannu a harɗe. Namu Ogan shi ya yi magana a madadinsu, minti arba'in cif. Ya yi maganar 'yan ƙwaya, ya yi maganar yaranmu, ya yi maganar jami'an da suka kwanta dama. Muryarsa ta yi rawa a wurare biyu. Ya ce duk wanda ya taɓa wannan doka ya ɗaure wa jami'an tsaro hannu ta baya. Jirgin ruwa bai fito a jawabin ba.

Mu talakawa minti biyu-biyu aka ba mu, da wata fitila a gabanka mai komawa ja. Lorene ta tashi. Ta faɗi sunanta, da na mijinta, da yawan akwatunanta. Ta ce ba a tuhume ta da komai ba. Ta ce yau kwana uku dabbobinta suna gasuwa a kan kwalta. Ta fara bayanin akwatin sigari, sai fitila ta yi ja.

Mai Girma Shugaban Kwamiti, wanda tun ɗazu yake ɓare gyaɗa a ƙarƙashin tebur, ya ɗago kai da murmushi.

"Mun gode, Madam, kin taɓa mana zuciya. Tambaya ɗaya: zumar taki ana samunta a nan birni? Maiɗakina ba ta shan ta kanti."

Daga nan aka shiga gyaran fuska. Wani ya kawo gyara cewa sabuwar dokar ta yi aiki a kan komai, ban da kuɗi, da ababen hawa, da duk abin da za a iya ɗagawa ko turawa. Wani ya ce kada ta fara aiki sai bayan shekara uku, don a ba ofisoshi damar shiryawa. Wani dattijo da na rantse barci yake yi ya farka ya ce a canja wa ƙudirin suna ya zama Dokar Kare Dukiyar Iyali, aka tafa masa. Da aka gama yi masa aski, sai aka ga abin da ya rage ya yi nauyin da ba za a yanke hukunci a kansa da gaggawa ba. Aka miƙa shi ga kwamitin nazari, wanda zai zauna a watan Agusta a wani otal da ke bakin teku. Aka kaɗa ƙuri'a. Hannun Honorabul namu yana cikin na farkon da suka tashi.

Muka tare shi a baranda.

"Mama, dabara ce," ya ce yana riƙe hannunta da hannu biyu. "Da a kan ƙudirin kansa aka kaɗa yau da mun faɗi. Yanzu ƙudirin yana da rai."

"Zumata fa?"

"Ki turo wa ofishina bayani a rubuce."

"Wayar da ka ce za a buga fa?"

"Kin san ba ma tsoma baki a maganar da ke gaban kotu." Ya dafa kafaɗata. "Baba Orval, ina karanta shafinka duk mako, kana ba ni dariya."

Na ce masa wannan makon ma zan yi ƙoƙari.

Muka kamo hanyar gida ni da Lorene. Abin da ke ran kowannenmu ɗaya ne: yini guda babu wanda ya yi ruwan sama. Da muka iso garejin da yamma sai muka tarar kwalta a jiƙe, ragar tana ɗiga. Purvis yana zaune a rumfarsa, wuyansa da kumburi biyu manya.

"Ni ban taɓa kayan shaida ba," ya ce tun kafin mu buɗe baki. "Fili nake wankewa, iska ta karkatar da ruwan."

"Sau nawa ta karkatar?" in ji Lorene.

"Uku. Iska ce mai naci."

A duk ma'aikatan gwamnatin da na gani a makon nan, shi kaɗai ne ya yi wani abu, kuma sai da ya yi ƙarya kafin ya iya yi.

Ranar Juma'a lauyan da Lorene ta samu ya shigar da takardar neman zaman gaggawa, aka ce alƙali ya tafi taron bita. Asabar da Lahadi adalci yana hutu. Hollis mai kankana ya zo har gida ranar Asabar, hularsa a hannu, ya ce fure ba ya jira, ya riga ya ɗauko zuma daga wata jihar. Ya yi ta ba da haƙuri har Lorene ta koma ita ke lallashinsa. Ranar Lahadi fasto ya sa aka yi addu'a ga waɗanda ke tsare, rabin coci suka ce amin suna kallon Lorene. Ni dai ina ta hawa tsani ina sauka. Kullum tulin matattun da ke gindin raga yana ƙaruwa, ga wani wari mai tsami da ya fara tashi.

Sai yau da safe. Bayan na faɗo, ina zaune a ƙasa ina riƙe da ido, Lorene ta tsaya a kaina.

"Orval, da kake sama me ka ji?"

"Zafi na ji."

"Ba wannan ba. Me kunnenka ya ji?"

Na yi tunani. "Ban ji komai ba."

"To shi ne," ta ce.

Gunjin nan da ake ji daga titi ranar Talata ya koma wani ɗan zizar da sai ka kasa kunne. Ta daɗe tana riƙe da wayar shinge. Sannan ta ce in je in sa ƙanƙara, ƙarfe goma sha ɗaya tana son a kai ta ofishin lauyan gwamnati.

Maybelle ce ta tuƙa mu, tunda mai ido ɗaya ba ya tuƙi. Mai Girma Mataimaki ya sake jan kujera, ya sake cewa a kawo shayi. Takardar tana nan a saman tebur, ko aljihun tebur bai sa ta ba. Ya karanta mata layin ƙarshe a hankali: na yi wannan da yardar kaina, babu tilas, babu barazana, babu alƙawari. Ta sa hannu. Ya ce ta riƙe biron, kyauta ne, akwai tambarin ofis a jiki.

"Abin da ke cikin ɗan akwatin fa?" ta ce. "Sigarin mijina."

Ya duba takardar da gaske, har da sa tabarau. "Ai ya bi motar, Madam."

Na buɗe baki, Maybelle ta taka mini ƙafa. Gara da ta taka, don abin da ya zo bakina ba na jarida ba ne. Amma in faɗa muku gaskiya, raina ya ɓaci ɓacin da rabona da irinsa tun ina saurayi. Matar nan shekararta sittin da tara, ko tarar gudun wuce ƙa'ida ba a taɓa yanka mata ba.

Hollis ya kawo tirelarsa da motar ɗaga kaya ba tare da an roƙe shi ba. Muka yaye ragar. Lorene ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa, wanda ta samu da rai ta ɗora masa dutse a kai. Da ta gama, duwatsu goma sha bakwai ne. Sauran talatin da ɗayan, kakin ya narke ya zubo ya haɗe da gawarwaki. Da shebur muka kwashe su, Purvis yana tura baro, ba riga ba safar hannu.

A hanyar gida Maybelle ta kunna rediyo. Sai ga muryar Oga Mai Tauraro, ana hira da shi a kan nasarar da suka samu a majalisa.

"Mutane ba su san alƙaluma ba," yake cewa. "A cikin duk goman da muka kama wa kaya, tara da kansu suke sa hannu su bar mana, ko kotu ba sa zuwa. Ni dai tambayata ɗaya ce ga masu surutu: wane mai gaskiya ne zai bar kayansa ya tafi?"

Lorene tana kujerar baya, hannunta duk danƙon kaki. Ta ce, "Ka ji, Orval. Na shiga cikin taran."

Maybelle ta kashe rediyon.

Editanmu ya ja mini kunne cewa kada in rubuta abin da zai sa a ce na yi wa wani babba ƙazafi, don haka bari in wanke Oga da bakina: gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya riƙe mata hannu, ina tsaye a wurin. In ya nemi shaida a kotu ma zan je in rantse masa. Hannun yana rawa, amma nata ne.